Haɗurran Cikin Gida a Karkara: Asarar da Ba Ta Shiga Lissafi

A mafi yawan ƙauyukan Nijeriya, gida shi ne wurin kwana, shi ne sito, shi ne kanti, wani lokaci ma shi ne masana'anta. A ɗaki guda ake ajiye kananzir na sayarwa, da jarkar fetur ta mai babur, da maganin feshi na gona, alhali ga murhu a tsakar gida, yara kuma suna rarrafe a tsakani. Wannan cuɗanya ta sana'a da zaman iyali ita ce tushen yawancin haɗurran da ke aukuwa a gidajen karkara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna kaɗai tana kashe kimanin mutum 180,000 a kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki. Baya ga ƙuna akwai shan guba. Likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe da sanin cewa kananzir da aka zuba a kwalbar lemo yana daga cikin abubuwan da yara suka fi sha bisa kuskure. Haɗarinsa yana ga huhu, shi ya sa tilasta wa yaro yin amai, ko ɗura masa manja kamar yadda aka saba, yake ƙara dagula lamarin. Haka nan fiya-fiya da ake sayarwa a kwalabe marasa lamba.

Misali mafi muni shi ne na gubar dalma a Jihar Zamfara. Lokacin da farashin zinariya ya haura dala 1,000 kowane oza a kasuwar duniya, mazauna wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka riƙa kwaso duwatsun ma'adini zuwa gida, suna daka su a turmi ko su niƙa da injin niƙan hatsi. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasan da yara ke wasa, ta shiga abinci da ruwan sha. A 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano abin da ke faruwa, kuma an ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, domin yaron da aka yi wa magani ya koma gurɓataccen gida zai sake kamuwa. Aikin tsabtace garin Bagega bai fara ba sai 2013, bayan dogon jiran kuɗi daga Gwamnatin Tarayya. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ta fuskar kuɗi, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Jinyar ƙuna takan ɗauki makonni, galibi a asibitin birni, don haka magidanci yakan sayar da akuya ko hatsin da ya tanada, sau da yawa a lokacin da farashi ya faɗi. In abin ya zo da damina, uwa tana jinya, uba yana zirga-zirga, gona ta rasa hannu. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma har yanzu ƙalilan ne daga manoman karkara suke ciki.

Akwai abin da ya rataya a wuyan 'yan kasuwa. Dillalin da ke rarraba kananzir ko maganin ƙwari a kwalbar lemo yana rage kuɗin mazubi ne kawai, ragin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin gado a asibiti. Mazubi mai murfi mai ƙarfi, da gargaɗi cikin Hausa da zane domin waɗanda ba su iya karatu ba, abu ne da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya ɗora wa mambobinsu ba tare da jiran NAFDAC ba.