Kafin Motar Ikilisiya Ta Kama Doguwar Hanya

 

A 'yan shekarun nan gundumomi da dama sun haɗa kuɗi sun sayi motar ɗaukar kaya. Wasu baiko na musamman suka yi, wasu hatsin gonar ikilisiya suka sayar, a wasu wurare kuma zumuntar mata ce ta ɗauki kaso mafi nauyi. Kusan dukan motocin nan na hannu ne, masu shan gas, waɗanda sun riga sun sha aiki a Turai ko a hannun 'yan kasuwa kafin su iso wurinmu. Su ke kai hatsin agaji, da taki, da kwanon rufin majami'a, wani lokaci har da marar lafiya da tsakar dare.

Mu ma irinta muke da ita a ofishin agaji, kuma ta koya mana darasi. Wata shekara muka yi mata lodin masara buhu 30 daga Jos, za mu kai wa ƙauyukan da ambaliya ta cinye musu gonaki a yankin Numan. Tsakanin Bauchi da Gombe sai ta fara shaƙewa, tana ja tana saki, daga baya ta mutu. Kwana biyu muka yi a bakin hanya. A can kuwa mutane sun taru a harabar majami'a da buhunansu tun safe, har suka gaji suka koma gida. Da bakanike ya kwance filtar mai, sai ga ruwa da laka. Gas ɗin da muka saya a jarka ne, ita kuma filtar ba a canza ta ba tun da aka sayi motar. Kuɗinta bai kai na buhun masara ɗaya ba.

Shi ya sa muke roƙon kwamitocin da ke riƙe da mota su karanta wannan tare da direbansu. A yi dubawar da za mu faɗa mako guda kafin tafiya. Idan aka bari sai safiyar ranar, ko an ga matsala ba wanda zai yarda a fasa.

Yadda injin gas yake aiki

Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsin wuta. Injin gas ba shi da shi. Yakan zuƙi iska ne ya matse ta ƙwarai, har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 zuwa 20 na girmanta. Wanda ya taɓa hura tayar keke ya san yadda bakin famfo ke ɗaukar zafi. To haka iskar nan take yi, sai dai zafinta ya wuce digiri 500. A daidai lokacin ne nozul ke fesa gas a cikinta, ya kama da wuta da kansa.

Saboda haka injin nan yana bukatar iska mai tsabta, da mai mai tsabta, da baturi mai ƙarfin da zai juya shi da sauri. Mafi yawan tsayawar da muka gani a hanya daga wajen mai ta fito.

Ramukan nozul ba su kai kafar allura ba, ƙura kaɗan ta isa ta toshe su. Kuma gas ɗin ne da kansa yake zama man shafawa ga famfon injekta. Idan an gauraya shi da kananzir, santsinsa ya ragu, famfon yana cin kansa a hankali. Idan da ruwa a ciki, tsatsa ce. Gyaran famfon nan kuwa yana cikin mafi tsada a jikin motar.

Ruwa ya fi gas nauyi, don haka gane shi ba wuya. A zuba kaɗan a farar kwalba, a ajiye minti goma. In akwai ruwa za a gan shi kwance a ƙasa. Yawancin motocin nan suna da ɗan kofi a ƙarƙashin filta wanda aka yi domin tara ruwan, da ƙaramin noti a gindinsa. A kwance shi a bar ruwan ya zube har sai gas zalla ya fito. Mun iske direbobi da suka yi shekaru da mota ba su san da kofin nan ba. Kafin doguwar tafiya a sa sabuwar filta, a kuma ɗauki wata a ajiye. A sha mai a gidan mai da aka sani. In dole ta sa a saya a jarka, a tace da kyalle mai tsabta, kada kuma a juye har gindin jarkar.

Kada a bar tanki ya ƙare ƙaf. Motar fetur in mai ya ƙare, zubawa kawai za a yi ta tashi. Ta gas kuwa iska ce ke shiga bututu, kuma ba za ta tashi ba sai an cire iskar. A sassauta notin da ke kan filta, a yi ta danna ɗan famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, sa'an nan a ɗaure. Haka ake yi duk lokacin da aka canza filta. A tsofaffin injuna, in ta ƙi tashi, bakanike yakan sassauta bututun da ke kan nozul ya ba da kik. Kada kowa ya kai hannu wurin, gama man yana fita da ƙarfin da zai huda fata. Sababbin injuna masu kwamfuta kuwa ba a taɓa bututun nan ko kaɗan.

Filtar iska ita ce hancin mota. Da hunturu, a hanyar da ba kwalta, takan cika da ƙura cikin 'yan kwanaki. A ciro ta a kakkaɓe a hankali, a haska tocila ta ciki. In an ga huda ko yagewa, a yar da ita. Wasu sukan cire ta gaba ɗaya wai don mota ta yi numfashi. Ƙurar da za ta shiga tana goge cikin inji kamar yashi.

Hayaƙi da baƙin mai

A tayar da mota da safe, wani ya tsaya a baya ya dubi salansa. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya fi iska yawa, wato filtar iska ta toshe, ko nozul ya lalace, ko kaya sun yi yawa. Shuɗin hayaƙi alama ce inji yana ƙona baƙin mai, ya tsufa ke nan. Irin wannan za ta iya tafiya, amma da galan na baƙin mai a hannu da dubawa a kowane zango. Farin hayaƙi da sanyin safiya, musamman a Jos ko Mambila, ba abin damuwa ba ne in ya ɗauke bayan 'yan mintoci. A irin sanyin nan a jira fitilar hita ta mutu kafin a ba da kik, kada kuma a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 a lokaci ɗaya. Amma in farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, to mai yiwuwa gasket ya ƙone.

A auna baƙin mai kafin a tayar da inji, mota tana tsaye a wuri mai daidai. Man injin gas yakan yi baƙi da wuri, wannan ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne a gan shi kamar shayi da madara, wato ruwa ya shiga. Motar da aka ga haka ba ta zuwa ko'ina sai gareji. Haka nan in man yana ƙaruwa da kansa, gas ne ko ruwa ke zubowa a ciki. Ga tsohuwar mota a hanyoyinmu, mu muna juye mai da filtarsa kowane kilomita 5,000. In jar fitilar mai ta kama a kan tafiya, a kashe inji nan take. Ƙoƙarin ƙarasawa gari na gaba shi ke sa inji ya buga.

Ruwan lagireto

Ruwan rijiya yakan bar farin dutse a cikin lagireto, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, har ya toshe hanyoyin ruwa. A yi amfani da ruwan da ake sayarwa domin lagireto, in babu, ruwan sama da aka tace. A matsa tiyo da hannu, wanda ya yi laushi ko ya tsattsage a canza. A danna fanbel da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da kamar santimita 1. A wanke ƙaiƙayi da ciyawar da suka manne a fuskar lagireto, gama motar da ta yi aikin girbi ba ta rasa su. In allurar zafi ta hau, a tsaya a jira inji ya huce. Kada a buɗe murfi da zafi, tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙona fuska. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, kan inji yana iya tsagewa.

Birki da gangara

A nan ne maganar ta wuce ta kuɗi, ta zama ta rai. Duk wanda ya bi Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya ga gawawwakin manyan motoci a gefen hanya. Birki yana tsayar da mota ta wurin gogayya ne, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman dutse, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi har ya daina kamawa. In mai amfani da man birki ne, man yana iya tafasa, ƙafa ta nutse har ƙasa. In na iska ne, yawan dannawa yana ƙarar da iskar tanki fiye da yadda inji ke mayarwa.

Maganinsa shi ne a sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangarawa, wadda da ita za a hau dutsen da kayan nan, a bar inji ya riƙe motar. Akwai direbobin da ke sakin mota a firi, wasu har su kashe inji, wai suna tanadin mai. Muna roƙon dattawa su gaya wa direbansu a fili cewa ikilisiya ba ta son irin wannan tanadi.

Kafin tafiya a sa bakanike ya kwance ƙafafun mota ya duba birki da idonsa. In kullum sai an ƙara man birki, akwai inda yake yoyo, a nemo wurin. Ruwan sabulu ba man birki ba ne, ko da wani ya ce ya taɓa zuwa Kano da shi. Motar da ke da birkin iska kuma a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iskar, kada a motsa sai allurar iska ta cika.

Taya da kaya

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna ranar haihuwarta. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4. Tayar hannu tana iya zama da zane mai kyau alhali robarta ta bushe. In kuɗi bai isa a canza duka ba, a fara da na gaba, domin fashewar tayar gaba ita ke ƙwace sitiyari. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, har da ta ciki a ƙafar baya da kuma safaya. In an kwance ƙafa, a sake ɗaure notuna bayan kamar kilomita 50.

Motar tan 3 buhun masara 30 take ɗauka masu kilo 100, ko buhun taki 60 masu kilo 50. Mun san yadda abin yake. Ana gama lodi sai wani dattijo ya zo da buhu biyu na ɗansa da ke makaranta, wata uwa ta zo da itace, 'yan mawaƙa kuma su ce a rage musu hanya. Direba yaro ne a cikin ikilisiya, ba zai iya ce wa iyayensa a'a ba. Saboda haka kwamiti ne ya kamata ya tsaya a wurin lodi ya faɗi kalmar. Mutane kuwa kada su hau saman kaya, ko da tafiyar taron gunduma ce.

A goge kan baturi a ɗaure shi sosai, a gwada fitilu da ham da abin share gilashi. Kwana ɗaya kafin tafiya a yi rabin lodi a zaga kamar kilomita 20, a saurari ƙara, a gwada birki. Da dare a ajiye ta a wuri mai tsabta, da safe a duba ƙasa ko wani abu ya ɗiga.

A ɗauki filtar mai, da fanbel, da baƙin mai, da jarkar ruwa, da jak da katakon da za a ɗora shi, da sifanu, da tocila, da abin kashe gobara, da alamar tsayawa mai kusurwa uku, da takardun mota waɗanda ba su ƙare ba. A yi addu'a a tashi da asuba domin a isa da rana. In an lalace, a fitar da mota daga kan kwalta, a sa alama nesa a baya, a sa duwatsu a ƙafa, in an gama kuma a kwashe su daga hanya. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗura ita ce 122.

Tun daga tafiyar Numan muka sayi littafin makaranta mai shafi 40 muka ajiye a cikin motar. Direba yana rubuta ranar da aka juye mai, da ranar da aka canza filta, da inda aka sha gas, da duk wata ƙarar da ya ji. Ma'ajin kwamiti yana dubawa ya sa hannu a ƙarshen wata. Gundumar da ke so mu nuna mata yadda muka tsara shafukan, sakatarenta ya same mu a taro mai zuwa, ya zo tare da direban.