Ƙwaƙwalwar Yaro da Hayaƙin Wiwi

Hujjar da masu shan tabar wiwi suka fi riƙewa ita ce: "Ga wane nan, ya fi shekara ashirin yana sha, har ya aurar da 'ya, bai taɓa yin tsirara a kasuwa ba." Za ka ji ta a Gubuchi, za ka ji ta a tashar Maƙarfi da majalisun 'yan acaɓa na Ikara da Hunƙuyi. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, domin mafi yawan masu shan wiwi ba sa haukacewa. Sai dai ba wanda ke tambayar yana ɗan shekara nawa wanen ya fara, sau nawa yake sha a rana, kuma wace irin wiwi ya samu a zamaninsa. Nan gizo ke saƙar.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke bayan goshi, mai kula da yanke shawara da danne zuciya, shi ne na ƙarshe. Jiki na da wasu sinadarai nasa da ke jagorantar wannan aiki. Sinadarin da ke sa maye a wiwi, wanda ake kira THC, yana shiga ya zauna a gurbinsu ya dagula tsarin. Ruwan saman da zai sauka kan busasshiyar katanga ya wuce, shi ne zai zaizaye ɗanyen gini. Shi ya sa naɗi ɗaya a hannun magidanci da naɗi ɗaya a hannun ɗan shekara 14 ba su zama ɗaya ba.

Masana sun daɗe suna bin sawun wannan. A ƙasar Siwidin an bi samari sama da 45,000 da aka ɗauka aikin soja a 1969 zuwa 1970 har tsawon shekara 15. Sakamakon da ya fito a 1987 ya nuna waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau shida wajen kamuwa da sikizofireniya, wato taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana farautarsa. A garin Dunedin na Niyu Zilan kuwa, tun daga haihuwa aka riƙa bin yara 1,037, aka gano waɗanda suka fara sha kafin su wuce shekara 15 sun ninka sauran kusan sau huɗu wajen nuna irin wannan ciwo a shekara 26. Wani nazari na 2019 da ya tattara bayanan mutum sama da 23,000 ya danganta shan wiwi a ƙuruciya da ciwon damuwa bayan an girma, da kuma yunƙurin kashe kai, wanda haɗarinsa ya ninka fiye da sau uku. Har yau masana na muhawara kan ko wiwi ce kaɗai sanadi, ko kuwa yaron da dama ke da rauni shi ya fi saurin faɗa mata. A ganina, ga uban da ke da ɗa a gida duk ɗaya ne, tunda bai san ko ɗansa na cikin masu raunin ba.

Akwai dai alama ɗaya da iyali za su iya dubawa. Gidan da aka taɓa samun mai taɓin hankali, kawu ne ko goggo ko kaka, yaransa sun fi kowa zama cikin haɗari. Mu kuwa irin wannan labari ɓoye shi muke yi saboda kada a ƙi auren 'ya'yanmu, har yaron ya girma bai san abin da ke cikin jininsa ba.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne tazarar lokaci. Yaro ya fara da zuƙa ɗaya a kango ko a gonar rake, wani babba ya ce masa tana ba da ƙarfin sara da lodi, tana kore gajiyar ƙwadago. Shekara biyar, bakwai, ba a ga komai ba sai jan ido da yawan ci. Sai yana shekara ashirin da 'yan kai ya fara ƙin wanka, ya daina barci, ya kulle kansa a ɗaki, yana dariya shi kaɗai, yana cewa matar babansa ta sa masa guba a tuwo. Wa zai tuna da hayaƙin da aka zuƙa tun yana ƙaramar sakandare? Sai a ce jifa ne, ko sammu, ko ya taka iska. Sau da yawa kishiyar uwa ce ke shan zargi, zumunci ya lalace a banza.

Ita ma wiwin ta sauya. Wadda ake nomawa a dazukan Ondo da Edo tana nan, amma ga wasu masu ƙarfi da matasa ke kira Laud, ga Kolorado da ake haɗawa da sinadaran da ba ma na ganyen ba ne. Binciken da aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil, aka wallafa a 2019, ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, in kuwa mai ƙarfin ce kullum, kusan sau biyar. Wanen da ake kafa hujja da shi ba wannan ya sha ba.

Ba kuma ƙaramin lamari ba ne a ƙasar nan. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ta gano mutum miliyan 10.6 na shan wiwi a Najeriya. Hukumar NDLEA, da aka kafa a 1989, tana kame tana ƙonawa, amma kame ba ya warkar da wanda ciwon ya riga ya kama.

Gidan mari ma ba ya warkarwa. Ba a manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai da dama daga cikinsu da hannunsu don a gyara musu su. Ciwon yana da magani, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon samun sauƙi. Daga yankin Maƙarfi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen masu taɓin hankali, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa cikin Kaduna. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana shan ƙwayar likita. Idan an je, likita zai tambayi abin da yaron ke sha, da shekarar da ya fara, da ko an taɓa samun irin ciwon a dangi. A faɗa masa gaskiya, domin da amsoshin nan zai zaɓi magani, kuma wanda ya koma wa wiwi bayan an sallame shi ya fi saurin dawowa gadon asibiti.