Kuɗin canjin yanayi: alkawari a Kopenhagen, ambaliya a Maraɗi

Duk macen da ke auna hatsi da tiya a kasuwa ba ta bukatar a yi mata bayanin canjin yanayi, domin a cikin kwanon awonta take ganinsa. In damana ta yi gardama tiya ta hau, in ruwa ya yi yawa ya cinye hanya, motar kaya ta kwana uku ba ta iso ba, tiya ta sake hawa. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne akwai kuɗin da manyan ƙasashe suka yi alkawarin bayarwa saboda wannan wahala, kuma da sunan ƙasashe irin tamu aka karɓi alkawarin.

A 2009, a birnin Kopenhagen na ƙasar Danmak, ƙasashe masu arziki, waɗanda hayaƙin masana'antunsu ya fi dumama duniya, suka ce kafin 2020 za su riƙa tara dalar Amurka miliyar 100 kowace shekara domin ƙasashe masu tasowa. Ba su cika ba sai a 2022, shi ma bisa lissafinsu. Ko a wannan lissafin, abin da aka ware domin mutane su iya jure fari da ambaliya bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma mafi yawan abin da gwamnatoci da bankuna suka bayar bashi ne. Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin bambancin kyauta da bashi. Wanda wutarsa ta ƙone maka rumfa, ya dawo ya ranta maka kuɗin gyara da ruwa a kai, ba diyya ya biya ka ba. A 2024 a birnin Baku aka ɗaga alkawarin zuwa miliyar 300 a shekara kafin 2035. Watanni biyu bayan haka, a Janairun 2025, shugaba Trump ya sa hannu kan fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris.

Sannan kuɗin taimako siyasa suke bi. Mun gani da idonmu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023: Tarayyar Turai da Faransa suka dakatar da tallafi, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe a wannan shekarar, kayan da a da ke fitowa daga Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗin mota ya hau kan buhun shinkafa. Dattawanmu ba su yi mamaki ba. Yunwar 1984 sunan Buhari aka laƙaba mata, don fari ya zo daidai lokacin da ya rufe iyakar Najeriya.

Ana cikin wannan hali damanar 2024 ta sauka da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Fiye da mutum 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka yi asarar gidaje, gonaki ko dabbobi. Jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin birnin Zinder ya rushe, aka ɗaga komawar makarantu zuwa ƙarshen Oktoba saboda waɗanda ruwa ya kora suna kwana a cikin azuzuwa.

Ga abin da ya fi ci mana rai. Tun watan Afrilun wannan shekarar masana suka ce damanar Sahel za ta zo da ruwa fiye da yadda aka saba. Kuma ba daga nesa labarin ya fito ba. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, a nan Yamai take, tana horar da ɗalibai daga ƙasashen Sahel kan ilimin ruwan sama da noma, kuma kowace shekara tana fitar da hasashen damana. Amma da Faransanci da Ingilishi ake fitar da shi, cikin kalmomin da ko mai digiri sai ya sake karantawa. Mai albasa a Galmi da ya kamata ya ɗaga rudunsa daga kwari, da mai sito da ke jibge buhuna a ƙasa, su nawa suka ji?

A nan maganar karatu ta shigo. Babban asusun yanayi na duniya a Koriya ta Kudu yake, kuma ba ya ba da kuɗi don an yi kuka. Sai an rubuta takardar aiki mai kauri, da Ingilishi, da lissafin ruwa da ƙasa da yawan mutanen da za su amfana. Ƙasar da ba ta da masu rubuta wannan takarda sai ta ɗauko ƙwararru daga waje, su kuwa ladansu daga cikin kuɗin aikin yake fita. Ɗanmu ya yi lakwal da Faransanci, takardar neman kuɗi tana son Ingilishi, manomin da za a yi wa aikin Hausa yake ji, ko Zabarmanci, ko Tamashek. Wanda ya haɗa harsunan nan uku da ilimin noma shi muke nema, kuma ba shi da yawa.

Tun 2010 Maraɗi da Zinder da Tawa kowace ta samu jami'arta. Da yawa daga cikinku kuma da ribar kasuwa kuke tura yara karatu Sakkwato, Kano, Maroko ko Turkiyya. Muna ganin yawanci likitanci ko lissafin kuɗi ake zaɓa musu, ana kallon karatun noma da ruwa kamar na wanda ya rasa abin yi. A ganinmu wannan kuskure ne, har ta fuskar ciniki. Yaron da ya san yadda ake ajiye albasa ta kai lokacin tsada ba ta ruɓe ba ya fi wa gidan ɗan kasuwa amfani fiye da akawu na biyu.

Ba mu ce ilimi daga waje kawai yake zuwa ba. A 1983 wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai, in an bar musu reshe ɗaya ko biyu za su koma itace. Manoma suka karɓi dabarar suka gyara ta, ita ce ake kira sassaben zamani. Bayan kimanin shekaru 20, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, akasari gawo da kalgo da sabara, a Maraɗi da Zinder. Babu asusun duniya da ya biya mafi yawan wannan aiki. Yau daga ƙasashen waje ake zuwa koyonsa. Haka ma asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE: zubin mako-mako a cikin akwati, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka.

Akwai abin da ba sai an jira Baku ko Kopenhagen ba. Hasashen damana yakan fito wajen ƙarshen Afrilu. Muna kira ga magabata da shugabannin ƴan kasuwa su sa ɗaliban jami'o'in nan uku su mayar da shi Hausa cikin mako guda, a karanta a gidajen rediyon karkara, a kuma yi shelarsa ranar kasuwa a Galmi da Tasawa da Matamai, tun kafin a yi shuka.