Lesin Dogon Hutu: Riba Ce Ko Asara?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga yankin Funtuwa, ya rubuto yana cewa wata makarantar kuɗi a cikin gari ta buɗe lesin dogon hutu na mako shida, ɗansa mai shekara 16 ya matsa lamba sai an sa shi, ga shi kuwa lokacin maimai ne, gona tana bukatar hannu. Yana so ya san ko lesin nan yana da amfani, ko kuwa dabarar karɓar kuɗin mutane ce kawai.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Amsar a taƙaice ita ce, lesin hutu yana da amfani ga wani yaro, ga wani kuma asarar kuɗi ce da lokaci. Abin da zai raba maka gardama abu uku ne: ajin da yaron yake, darasin da ke ba shi wuya, da kuma irin malaman da za su koyar.

Da farko dai, gaskiya ne yaro yakan manta karatu idan ya daɗe bai buɗe littafi ba. A shekarar 1996 wani masani a Amurka mai suna Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a kan haka, suka gano cewa ɗalibi yakan koma baya da kimanin karatun wata guda a lokacin dogon hutu, kuma Lissafi ne ya fi zubewa. Sai dai hutunsu can ya fi namu tsawo, domin yakan kusa wata uku, namu kuwa daga ƙarshen Yuli ne zuwa cikin Satumba. Daga baya, a shekarar 2016, cibiyar bincike ta RAND ta duba lesin hutu na 'yan firamare a wasu birane biyar na Amurka, ta ga cewa yaran da suka halarta kwana 20 ko fiye su ne suka ci riba sosai a Lissafi. Wato biyan kuɗi kaɗai ba ya sa karatu ya shiga. Sai yaro ya je, kuma ya riƙa zuwa.

Yanzu mu dawo gida. Ka sani, kafin yaro ya shiga jami'a a Nijeriya sai ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, cikinsu har da Turanci, da kuma Lissafi ga mafi yawan fannoni, sannan ya zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta. Darussa huɗu ne, tambaya 180 cikin awa biyu. Tambayoyin waɗannan jarrabawa suna fitowa ne daga karatun shekara uku na babbar sakandare, ba na shekarar ƙarshe kaɗai ba. Saboda haka idan ɗanka ya gama aji biyar zai shiga aji shida, wannan hutu shi ne dogon hutunsa na ƙarshe kafin jarrabawa, kuma shi ne yaron da lesin ya fi yi wa amfani. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amma idan yanzu ya gama aji huɗu, kuma katin sakamakonsa bai nuna faɗuwa a Turanci ko Lissafi ba, babu gaggawa, kana iya adana kuɗinka zuwa baɗi.

Na biyu, ka ɗauki katin sakamakon yaron ka je wurin malamin ajinsu, ka tambaye shi takamaimai ina yaron yake tuntuɓe. Mako shida, kwana biyar a mako, awa uku a rana, awa 90 ke nan. Idan aka raba su a kan darussa tara, kowane darasi awa 10 zai samu, wadda ba ta gyara komai. Idan kuwa aka zuba su a kan darussa biyu ko uku, to za a ga canji. Don haka lesin da ya ce zai koyar da komai da komai, ka yi hattara da shi.

Na uku, kada ka biya ko kwabo sai ka je da ƙafarka ka gani. Ka tambaya su wa za su koyar, malaman makarantar ne na ainihi ko kuwa samari aka ɗebo don hutu. Ka leƙa aji ka ƙirga yara. Ajin da ya cika maƙil bai bambanta da wanda yaron ya baro ba. Ka tambaya ko ana ba da aikin gida a duba, ko ana gwaji a farko da ƙarshe, ko ana bin manhajar jarrabawa da tsofaffin tambayoyinta, ko akwai kwamfutar da yaro zai taɓa da hannunsa. Duk wanda ya ce maka ya ba ka tabbacin kiredit tara, ka kama gabanka, domin mai wannan alkawari satar amsa yake nufi, kuma hukumar jarrabawa tana riƙe sakamako ko ta soke shi idan ta kama.

Sai batun lissafin aljihu. Kuɗin lesin ba shi ne kaɗai abin da za ka kashe ba. Ka haɗa da kuɗin mota ko babur kullum, da abincin rana, da littattafai, da kuɗin ƙwadagon da za ka biya a madadin hannun yaron. Sannan ka tuna watan Agusta lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin sabon zango yana jira a Satumba. Ban ba ka shawarar ka sayar da hatsin ci ko ka ci bashi saboda lesin ba. Kuɗin rajistar WAEC da NECO da JAMB su ne a gaba, domin yaron da ya sha lesin amma aka kasa yi masa rajista, an yi ba a yi ba ke nan.

Idan hali bai kai ba, akwai hanya mai sauƙi. Ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi sukan dawo gida hutu, kuma a garuruwa da yawa ƙungiyoyinsu kan shirya lesin kyauta a makarantar firamaren gari. Ko kuma iyaye huɗu ko biyar ku haɗa kuɗi ku ɗauki malamin Lissafi guda. Yaro ya yi gona da safe, bayan Azahar ya zauna karatun awa biyu. Aikin gona da zaman shago ba ɓata lokaci ba ne, tarbiyya ce da sana'a. Ga 'ya'ya mata kuwa, a nemi wuri kusa da gida, a san lokacin tashi, a san hanyar da suke bi.

Abu na ƙarshe, Malam, ka zaunar da ɗanka ka tambaye shi wane darasi yake son a gyara masa. Idan ya faɗa maka kai tsaye, karatu yake nema, ka taimaka masa gwargwadon ƙarfinka. Idan ya yi ta kame-kame, to wataƙila abokai ne suka ja shi, ko kuwa fartanya yake gudu. Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya ba mu damina mai kyau. Sai wani mako, idan mai duka ya kai mu.