Mutuwar Manyan Kantuna a Kano: Dalilanta da Abin da Ta Bari

Gabatarwa

Kalmar "kanti" aro ce daga Turanci, amma ta zauna a bakin Bahaushe har ba a jin baƙuncinta. A yau ɗan ƙaramin shagon sabulu da ashana a Dingaya ko Gwaram shi ma kanti ne. A da kuwa in an ce kanti, to ana nufin katafaren gidan cinikin Turawa. Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda manyan kantunan Kano suka kafu, da dalilan da suka durƙusar da su, da kuma inda cinikinsu ya koma.

Kafuwar Kantuna

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo bayansa. Kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da CFAO suka kafa kantuna a wajen ganuwa, tsakanin tashar jirgi da Fagge da Sabon Gari. A 1929 aka kafa kamfanin UAC, wanda ya buɗe kantin Kingsway a Ikko a 1948, daga baya ya yi reshe a Kano. Leventis da UTC da Chellarams su ma suka bi sahu. Kwarori kuwa suka riƙe cinikin yadi a wurin da har gobe ake kira Kantin Kwari.

Manomin ƙasar Birnin Kudu, wadda a lokacin take cikin lardin Kano, yana da hannu a wannan arziki. Gyaɗarsa ake aunawa da kaka a kai Kano, kuɗinta kuma ya koma kan atamfa da keke da fitila da tasa, waɗanda dillalai ke sarowa daga kantunan su baje a kasuwannin ƙauye.

Dalilan Durƙushewa

Na farko, babban kanti a kan ƙafa biyu ya tsaya, watau kayan ƙasashen waje da aljihun ma'aikaci. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, kantuna sun cika maƙil da masu sayen rediyo da firji. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, aka ƙuntata shigo da kaya, sai kantoci suka fara zama wayam.

Na biyu, karyewar darajar naira. A 1985 naira da dalar Amurka kusan kunnen doki suke. Bayan gwamnatin Babangida ta ƙaddamar da shirin SAP a 1986, dala ta haura naira 7 a 1989, ta kai kusan naira 22 a 1993. Albashi bai bi ta ba. Ma'aikacin da ke sayen gwangwanin madara katan guda ya koma sayen ƙulli.

Na uku, tsarin kantin bai dace da halin mai ƙaramin ƙarfi ba. A kanti farashi a rubuce yake, ba tayi, ba "albarka", ba ragi, ba gyara, ba bashi. A kasuwa kuwa mutum yana da uban ɗaki wanda zai ba shi kaya ya biya bayan ya sayar. Bugu da ƙari, ɗan kasuwa ba ya ɗauke da nauyin haya mai tsada da ma'aikata masu yawa da na'urar sanyaya ɗaki, don haka yakan karya farashin kanti. Zuwa shekarun 1990, Kingsway da takwarorinsa sun zama tarihi.

Tarihi Ya Maimaita Kansa

A 2014 aka buɗe Shoprite, na Afirka ta Kudu, a rukunin kantuna na Ado Bayero da ke titin Gidan Zu. Kamfanin ya sayar da harkarsa ta Nijeriya a 2021, reshen Kano kuma aka rufe shi a watan Janairun 2024, bayan cire tallafin mai da sake faɗuwar naira a 2023. Ciwon da ya kashe na da, shi ne ya kama na baya.

Ina Cinikin Ya Koma?

A Ingila da Amurka, rufe babban kanti kan bar tsakiyar gari kufai, domin masu saye sun koma bayan gari da intanet. Kano ta sha bamban. Cinikin bai bar wurin ba, hannu kawai ya sake. Kwari ta koma hannun 'yan ƙasa, Singa ta zama cibiyar sarin kayan masarufi, Kurmi kuwa, wadda ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, tana nan tana ci. Sunayen kamfanonin ne suka rage a bakin 'yan mota, kamar Bata da Singa.

Kammalawa

Duk da haka an yi asara. Kantunan sun horar da akawu da masu ajiya, sun ba da rasit da tabbacin ingancin kaya, abin da mai saye ke nema ruwa a jallo a wannan zamani na jabu. Darasin shi ne, kantin da ya dogara ga kayan da ba mu ƙera ba da kuɗin da ba mu iya tsare darajarsa ba, ginin toka ne. Ya kamata ɗaliban Hausa su tattara labaran tsofaffin ma'aikatan kantunan nan da kalmomin cinikinsu tun suna raye.