Yadda Ake Gane Tsohuwar Motar Gudu da Aka Sāke wa Kayan Ciki

Zancen kimiyya na wannan mako a kan tsofaffin motocin gudu ne, irin masu kujera biyu, waɗanda har yanzu ake cinikinsu a London da tsada. Mafi yawansu sun ratsa hannun mutane da dama, kowa kuwa da abin da ya sāke. Wanda ya saya bai bincika ba, ya yi cinikin biri a sama.

Misali, ga motar MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980. Injinta na asali mai silinda huɗu ne, girmansa 1,798 cc. Wajen 1970 wani gwani, Ken Costello, ya fara cire shi yana dasa injin Rover mai silinda takwas, girmansa 3,528 cc. A 1973 kamfanin MG da kansa ya bi sawu, ya ƙera guda 2,591 kafin ya daina a 1976. Tun daga nan makanikai ke ta yin nasu dashen, wasu da gwaninta, wasu da ganganci.

Ƙarfin inji yana bi ta kuloci, ya shiga akwatin giya, ya bi sandar farfela, ya isa aksul na baya, sa'an nan ya juya tayu. An auna kowane ɗayansu daidai da ɗan'uwansa. In aka ninka ƙarfin inji aka bar sauran yadda suke, kuloci zai ƙone, haƙoran aksul su kakkarye, birki kuwa ya kasa tsai da motar a kan gudu.

Abu na farko, mai saye ya gwada lambar da ke jikin inji da wadda ke cikin takardar rajista. Lambar injin MGB mai silinda huɗu da 18 take farawa. Gidan adana tarihin motoci da ke Gaydon yana ba da takardar shaida daga littattafan masana'anta, wadda ke nuna yadda motar ta fito.

Na biyu, ya ƙirga giya. Ta asali huɗu ce, ban da ta baya. In ya tarar da ta biyar a kan sanda, lalle akwatin baƙo ne. Ya leƙa ƙarƙashi ko zai ga sabuwar walda, ko ramukan noti da aka bari fayau.

Na uku, gwajin alli. A ɗaga tayar baya guda da jak, a tokare motar sosai, a fitar da giya, a saki birkin hannu. A sa alamar alli a jikin taya da jikin farfela, a juya tayar sau biyu ana ƙirga juyin farfela. In ta kusa cika huɗu, watau 3.9, aksul ɗin MGB ne na asali. In ta ɗara uku kaɗan, watau 3.07, irin na mai silinda takwas ne.

Akwai kuma batun doka. Tun 2018, motar da ta shekara 40 ba tilas a kai ta gwajin lafiya na shekara-shekara a Ingila ba, sai fa in an yi mata babban canji cikin shekara 30 da suka wuce. Kamfanin inshora kuma yana iya ƙin biyan diyya in an ɓoye masa canjin. Saboda haka kafin kuɗi su fita aljihu, a nemi rasit na kowane aiki, a kuma tafi da makanikin da ya san irin motar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.