Ruwa Ko Iska: Wa Ke Sauya Fuskar Ƙasar Gobir?

Duk lokacin da aka tashi maganar lalacewar ƙasa a arewacin Sakkwato, hamada ake fara kama wa suna. A Sabon Birni da Isa kuwa, manomin da ya rasa rabin gonarsa a dare ɗaya cikin watan Agusta ba iska zai zarga ba. Ruwa ne ya yi masa ɓarna.

Tushen abin yana ƙarƙashin ƙafa. Yankin na zaune ne a gefen kudu maso gabas na wani makeken kwari da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya miƙa har cikin Nijar da Mali. Shekaru kusan miliyan 70 da suka wuce, teku ya sha malalowa cikin wannan kwari, shi ya sa aka tono ƙasusuwan wata dabbar ruwa a ƙasar Goronyo, har aka raɗa mata suna Goronyosaurus, kuma farar ƙasar Kalambaina da ake simintin Sakkwato da ita ragowar wancan teku ce. Ta ɓangaren Isa da Sabon Birni shimfiɗar ta ma fi wannan tsufa: tsakuwa ce da yashi da yumɓu da tsofaffin koguna suka jibge, wadda masana suka ba sunan Gundumi, sunan dajin da kowa ya sani a yankin. Ba ta da taurin duwatsun Gusau ko Kwatarkwashi. A kanta kuma iska ta shimfiɗa rairayi a wani zamanin fari mai tsanani, kimanin shekaru 20,000 baya, kuma shi ne jigawar da ake noman gero da wake a yau.

A cikin wannan ƙasa mai taushi ne gulabe suka yanka hanyarsu. Gagare na gangarowa ta Ƙauran Namoda, Bunsuru na fitowa daga ƙasar Katsina, sai Gulbin Maraɗi da ke bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri, ya dawo Najeriya. Duk a wannan yanki suke haɗuwa su zama Rima. Faɗin fadamarsu ya fi ƙarfin ruwan da ke bi yanzu, alamar an yi zamanin da suka fi haka cika. Ba banza ba Gobirawa suka kafa Alƙalawa a bakin Rima, birnin da Bawa Jangwarzo ya yi mulki, birnin da kuma ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Laka da kiwo da ruwan rani ne suka ja su.

Abin da ya sauya shi ne rigar da ke jikin ƙasar. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi, jama'a ta ƙaru, aka daina barin saura ta huta. Da an yi girbi sai a kwashe kara, a kai gida don danni da makamashi da abincin dabbobi. Gona ta kwana tsirara tun daga kaka har bazara. A nan iska ke nata aikin: hunturu ya share lallausar ƙasar sama, guguwar farkon damina ta turbuɗe shukar gero, wani lokaci sai an sake shuka sau biyu. Inda aka share sosai sai fako ya bayyana, ƙasa mai tauri da ruwa ba ya shiga.

Daga nan ne ruwa ke karɓar aiki. Ruwan da bai nutse ba gudu yake, ya bi turbar shanu ko gefen hanyar mota, ya fara da 'yar ƙorama da yaro zai tsallaka, bayan 'yan damuna ta zama kwazazzabon da ya fi tsayin mutum. Yashin da ya kwaso kuwa a fadama yake sauke shi, a kan lakar da ake noman shinkafa da albasa. Gulbi ya cike da rairayi, zurfinsa ya ragu, da ruwa ya ɗan yi yawa sai ya fasa gaɓa ya nemi sabuwar hanya. Asara biyu ke nan: jigawa ta zaizaye, fadama ta binne. Iska share fage kawai take yi, ruwa ne ke sauya taswira.

Madatsun ruwa sun ƙara wa lissafin wuya. Zobe da Jibiya suna sama, suna riƙe ruwa da lakar da a da ambaliya kan raba wa fadamu kyauta. Goronyo, wadda aka kammala a 1984 don ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, tana ƙasa, kuma yashin Gobir can ya nufa. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta nuna iyakar abin da madatsa ke iya tarewa.

Magani mafi araha yana tsallaken iyaka. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon gawo da kalgo da sabara a gona ana yi musu aski maimakon tumɓukewa, kuma miliyoyin hekta sun farfaɗo a Nijar. Ƙasa iri ɗaya ce, mutanen ma 'yan uwa ne. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, amma dashen gandu a bakin titi ba ya tare ruwan da ke gudu a tsakiyar gona. Sai dai shi kansa sassaben yana son manomi mai zuwa gonarsa kullum, abin da 'yan bindiga suka hana ƙauyuka da dama na Isa da Sabon Birni a 'yan shekarun nan. Gonakin nesa sun koma saura ba da son masu su ba, na kusa da gari kuma, inda 'yan gudun hijira suka taru suna neman itacen girki, su ne ke ƙara tsiraita.